Wayar da Ke Kan Bawul

Da hantsin wata Talata a shekarar 1956 tukunyar dafa soda ta fashe a gidan sabulun Alhaji Nata'ala da ke Koki. Garba, mai haɗa sabulu, yana tsaye a gindinta. Bai kai azahar ba.

Sajan Ashafa na 'yan doka ya iske ɗakin a kulle, makulli a hannun Alhaji.

"Ni na rufe, kada a taɓa komai," in ji Alhaji. Ya buɗe da hannun hagu.

Tukunyar rufaffiya ce ta ƙarfe, tsawonta ya kai mutum. Ta tsage a gefe. Ruwan soda mai ƙuna ya fantsama ko'ina, ya bushe ya yi fari fat har a azara. A samanta akwai bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa. An ɗaure shi da waya.

"Ka gani, Sajan? Ɗanjuma mai hura wuta ne. Ƙarar bawul ke damunsa."

"Ka ga lokacin da ya ɗaure?"

"Wa zai yi in ba shi ba?"

Ashafa ya hau tsani ya daɗe yana kallon wayar. Ya sauko. Ya karɓi makullin.

Ɗanjuma na kwance rub da ciki a asibiti, bayansa duk ya saɓule, domin shi ya goyo Garba, jikinsa sharkaf da soda.

"Kai ka ɗaure bawul?"

"Wallahi a'a. Ya yi feshi sau biyu da safen nan, maƙwabta sun ji."

"Kafin yau, ka ga wani abu a jikin tukunyar?"

"Sati uku tana tsattsafo a wajen waldar. Garba ya gaya wa Alhaji. Alhaji ya ce gumi ne kawai."

Sajan ya duba hannayensa. Babu ƙuna a yatsu ko ɗaya.

Bayan la'asar ya ɗauko Baba Haruna, tsohon makanikin jirgin ƙasa, ya kawo shi ɗakin. Tsohon ya bi tsagar da ƙusa.

"Ba yawan tururi ya fasa ta ba. Da shi ne, da ƙarfen ya kumbura kafin ya yage. Dubi, bakin walda tsagar ta bi, ga ƙananan tsagu kamar jijiyar ganye."

"Me ke kawo haka?"

"Walda tana barin ƙarfe a ɗaure. Soda mai zafi kuwa irin wurin take ci. Dole a saka tukunyar gaba ɗaya a tanderu har ta fara ja, a bar ta awoyi, ta huce a hankali a ciki. Sai ƙarfen ya saki jiki." Ya duƙa ya nuna ƙasanta. "Ga lambar fenti da ƙarfen ya zo da ita. Da ta shiga tanderu, da fentin nan ya ƙone."

"Alhaji ya ce an gasa ta."

"To, wani ya yi ƙarya."

Isyaku mai walda yana rumfarsa a Ƙofar Wambai. Da ya hango jar darar Sajan sai ya ajiye guduma.

"Kai ka ƙera tukunyar Alhaji Nata'ala?"

"Ni ne. Wata huɗu ke nan."

"Ba ka gasa ta ba, kuma mutum ya mutu."

Isyaku ya zauna a kan turmi. "Ban gama ta ba, Sajan. Tanderun da za ta shiga yana bayan gari, sai an jira kwana goma. Alhaji ya ce Sallah ta matso, 'yan kasuwa na jiran sabulu. Ya zo da masu kura ya ɗauke ta. Na bi shi har bakin titi ina roƙo."

"Kowa zai iya faɗin haka."

Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai tambarin wata. "Duk wadda aka gasa ina buga mata wannan a wuya. Je ka duba. Alhaji ya nemi in buga, na ƙi, a gaban masu kurar."

Babu tambari a wuyan tukunyar. Masu kurar su uku, kowa da aka tambaya shi kaɗai, magana ɗaya suka faɗa.

Washegari Ashafa ya kira Alhaji ɗakin.

"Hau tsanin nan ka dubi wayar."

"Na riga na gani."

"To bari in gaya maka. Soda ta rufe komai a ɗakin nan, har bawul ɗin. Wayar kaɗai ke ƙyalli, kuma akwai farin soda a ƙarƙashinta. Bayan fashewar aka ɗaure ta. A lokacin Ɗanjuma na hanyar asibiti da Garba a bayansa. Mutum ɗaya ya shiga nan ya kulle."

"Sajan, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Fito da hannunka na dama, Alhaji. Tun jiya yake cikin riga."

Alhaji ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Can ya zaro hannun. Yatsu uku naɗe da tsumma, fatar gefensu ta yi ja ta ɗaye.

"Kwana goma kawai," ya ce a hankali. "Na zaci ƙarfe ƙarfe ne."

"Wannan da alƙali za ka yi shi. Amma an gaya maka a Wambai, Garba ma ya gaya maka. Da ta fashe, sai ka nemi wanda zai ɗaukar maka laifin."

A ƙofar gida mutane sun taru, ana zaman makokin Garba a layin baya. Alhaji ya roƙa a bi da shi ta wani lungu.

"Ta nan za mu bi," in ji Ashafa. "Za ka fara tsayawa ka gaya wa mahaifiyar Garba cewa ba Ɗanjuma ba ne."