Murfin Agogon Arɗo

Ana saukowa daga sallar azahar Hajiya Zulaihat ta shigo ofishin 'yan sanda na Tudun Wada, ta ajiye wani ɗan murfin ƙarfe a kan teburin Sufeto Nazifi.

"Yallaɓai, an ɗauke mini agogo. Wannan kawai aka bari."

Kowa ya santa a garin. Shekara talatin ta yi tana gwajin jini a asibiti, da ta yi ritaya sai ta mayar da zaurenta ɗakin gyaran tsofaffin agoguna irin waɗanda ake wanawa da hannu, aikin da ta koya wurin mahaifinta. Don sha'awa take yi, ba ta karɓar ladan kowa.

Sufeto ya bi ta gida. Agoguna sun fi arba'in jere a kan farin ƙyalle, duk suna bugawa, babu wanda ya riga wani ko da minti ɗaya. Ya daɗe a tsaye yana kallo.

"Na wa aka ɗauka, Hajiya?"

"Na Arɗon wata ruga ne a Burumburum. Ɗansa Hamman ya kawo. Tsohon ya makance, yana kwance, ya ce yana so ya ƙara jin bugunsa a kunne. Wata biyu na yi ina neman ƙarfe ɗaya a cikinsa, da na rasa sai na goga wani da hannuna. Yau agogon ya tashi. Na shiga yin salla kafin in rufe bayansa."

Sufeto ya lura ba a taɓa masu ruwan zinare ba. Wanda ya shigo ya san abin da ya zo ɗauka.

Sagir, mai gyaran sola, shi ya yi aiki a gidan da safe. Sufeto ya sa aka kira shi.

"Ƙarfe nawa ka tafi?"

"Sha ɗaya, Yallaɓai."

"Mai rake na ƙofar gida ya ce ƙarfe ɗaya ka saya a wurinsa."

Sagir ya sosa ƙeya. "Barci ne ya ɗauke ni a gindin darbejiya, na ji kunyar faɗa. Amma da na farka na ga wani dogo mai sanda ya fito daga zauren, ya hau acaɓa."

Washegari Sufeto ya bi masu gyaran agogo ɗaya bayan ɗaya. A Kwanar Dangora wani dattijo mai tebur a bakin tasha ya ce jiya da la'asar wani Bafillatani ya zo neman murfin agogo.

"Ba ni da irinsa," in ji dattijon. "Amma na leƙa cikinsa. Wanda ya yi aikin nan, wallahi ya isa ya zama malamina."

Da Hamman ya ji kamannin mutumin, sai ya sunkuyar da kai. "Ƙanena ne, Mamman."

Aka zo da Mamman ofis, agogon na ɗaure a hannunsa, an cusa tsumma tsakaninsa da fata. Hajiya da Hamman na zaune a gefe.

"Ina kake jiya da azahar?"

"Doguwa, wurin shanu."

"Wannan fa?"

"Nawa ne. A kasuwa na saya tuntuni. Irinsa sun yi yawa."

Sufeto ya juya ga Hajiya. Ba ta ko kalli agogon ba, ta ce masa:

"Ɗana, cire tsumman. Kusa da inda ake wana shi akwai ɗan ƙarfe mai haƙora, ya fi sauran haske. Haƙori ɗaya ya ɗan fi 'yan'uwansa siriri, nan hannuna ya zame."

Ta miƙa wa Sufeto madubin idonta na aikin agogo. Ya kanne ido ɗaya, ya duba. Ƙarfen bai kai ƙwayar gero biyu ba, ga kuma siririn haƙorin. Ya ɗora murfin, ya danna, ya zauna daram.

Mamman ya zame daga benci ya durƙusa.

"Ni na ɗauka. Shekara goma sha biyu ni ke kiwon shanun Baffa mahaifinmu, ni ke kwantar da shi, ni ke tayar da shi. Sai na ji ya ce idan an gyara a bar wa Hamman."

"Shi ne ka hana makaho abin da ya roƙa?" in ji Sufeto.

Wani kofur ya matso. Ya kama hannun Mamman. A bakin ƙofa Mamman ya waiwayo ya dubi Hajiya.

"Inna, na tsallake rafi da shi jiya, ya tsaya. Na kashe shi ke nan?"

Hajiya ta riga ta shimfiɗa ƙyalle a kan teburin Sufeto, ta fito da hantsaki.

"Ruwa ne kawai. Kafin magariba zai kai kunnen mahaifinku." Ta ɗago ta dubi Hamman. "Kai kuma idan ka je, ka gaya masa abin da ƙanenka ya faɗa a nan. Duka."

Kofur ya wuce da Mamman ciki.