Katifar Yisa

"Ba za ta shiga ba, Nna. Ki yi haƙuri."

Rahmatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sanda ne, gandiroban da ke neman aurenta, ya tare mahaifiyarta a ƙofar gidan gyaran hali, ga sabuwar katifar soso jingine a tsakaninsu.

"Ɗana Yisa yana kwana a tabarma yana jiran shari'a, ka hana shi katifa? Wai kai ne mai son 'yata!"

"Soso ne, Nna... in wuta ta kama..."

"Kar ka ƙara ce min Nna!"

Rahmatu ta san gaskiya gare shi. Ilimin sinadarai ta karanta a jami'a. Ta san baƙin hayaƙin soso kan kashe mutum tun wutar ba ta taɓa shi ba, balle a ɗakin da ake kullewa ta waje. Amma kunya ta ɗaure mata harshe.

"Hasken idona, ko kalma ɗaya ba ki ce ba?" Sanda ya ce da ita a waya da daddare.

"Na kasa, Sanda..."

Ranar Asabar sai ga Maiwada, dillalin filaye wanda Nna ke so Rahmatu ta aura, ya shigo gidansu a Dutsen Kura yana kaɗa makullin mota.

"Nna, kwantar da hankalinki. Mu mun san mutane. Katifa ta shiga tun jiya!"

Nna ta hau sa masa albarka. Rahmatu kuwa ta miƙe tsam. Ta zame bayan ɗaki, ta kira Sanda a waya.

"Sanda, katifar tana ɗakin su Yisa. Don Allah ka je... yanzu!"

Da isarsa ya tarar hayaƙi na bulbulowa ta ƙarƙashin ƙofa, ana dukanta daga ciki. Ashe wani ne ya tsoma wayar lantarki tsirara a bokiti zai dafa ruwa, tartsatsi ya faɗa kan soson. Sanda ya buɗe, ya janye katifar da hannunsa, ya fito da Yisa a kafaɗa. Ba a rasa rai ba.

A asibiti Nna ta daɗe tana kallon hannuwan Sanda naɗe da bandeji. Maiwada ko ƙeyarsa ba a gani ba.

"Wa ya gaya maka katifar tana ciki?"

"Ni ce, Nna." Rahmatu ba ta sunkuyar da kai ba. "Kuma... shi nake so."

Yisa ya yi tari daga kan gado. "Lallai! Ashe Yaya tana magana?"

Nna ta share ido da bakin mayafi. Ta buɗe kular abincin da ta kawo wa ɗanta, ta tura gaban Sanda, sai ta tuna ba shi da hannun ci.

Ta miƙa wa Rahmatu cokali, ta juya baya.

"Ungo, ba shi. Ni ina jin kunyar surukina."