Jarrabawar da Ungozoma Ta Faɗi

Ungozoma ta faɗi jarrabawar da gangan.

Farfesar da jami'a ta turo tana tsaye a kanta. Ungozoma ta aza na'urar hoton ciki a kan mai juna biyu, ta ga kan jariri ƙarara a allo, ta ce ƙafa ce.

Likitan da ya koyar da ita ya jira sai da ɗakin awo ya watse. Ya same ta a bakin famfo tana dirzar almakashin da ya riga ya fita.

"Ɗalibata, yaushe kai ya koma ƙafa?"

"Idona ne ya..."

"Idon da nake yabo a gaban kowa?"

Ta ajiye almakashin.

"Mai ba da magani ne ya ce in na ci, aikinku ya ƙare, sai ku tattara ku koma jami'a. In na faɗi kuwa, a ƙara muku wa'adi."

Mai ba da maganin ya daɗe yana zarya gidansu neman aurenta. Shi Baba yake so. Likita kuwa, a cewar Baba, baƙo ne, gobe babu shi.

"Ya yaudare ki," Likita ya ce. "Ba a ƙara wa'adi. Asibitin da babu wanda ya ci, ɗauke na'urar ake yi a kai wani wuri. Ni kuma a ce ban iya koyarwa ba."

Ta leƙa taga. Mata na jere a benci, kowa da katinta a hannu. Yayarta na cikinsu da tsohon ciki. Cikinta na baya a hanyar asibiti ta rasa shi, a bayan babur, don babu wanda ya san jaririn a gicciye yake.

Ta juyo daga tagar.

"Na cuci Yaya..."

"Ba ki cuce ta ba tukuna." Ya miƙa mata tawul. "Ashe don ni kika yi?"

"Wa ya ce? Na'urar nake so."

"Shi ya sa kika kusa korar ta?"

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

"Kai dai ba ka da tausayi."

"Ina da shi, masoyiyata. Duk ke kika cinye."

Tare suka je gun Farfesa. Ungozoma ta faɗi gaskiya, kanta a ƙasa. Tsohuwar ta sauke tabarau ta dube su.

"Na sani. Wanda bai iya ba yakan yi jinkiri kafin ya yi kuskure. Ke da gudu kika yi. Gobe da safe ki sake jarrabawar. Kai kuma ka tsaya a waje."

Washegari ta ci. Mai ba da magani bai fito daga bayan kantarsa ba.

Ranar tafiyar su Likita, Baba ya kawo Yaya awo. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallon ƙaramar 'yarsa tana nuna wa yayarta zuciyar jariri tana bugawa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ga Likita.

"Yaro, kai ka koya mata wannan?"

"Ita ta koya, Baba. Ni tsayawa kawai na yi."

"Tsayawar ce ban yarda ka iya ba. In ka iya, turo manyanka."

Ungozoma ta ji daga ciki. Ta waiwayi ƙofa, hoton ya gushe.

"Ke, ni kike dubawa ko shi?" in ji Yaya.

A waje an gama loda mota. Direba ya danna ham. Farfesa ta sauke gilashi.

"Likita, shigo. Kujerarka a jami'a ba za ta jira ka ba."

"Asibitin nan ba shi da likita, ranki ya daɗe."

"Na sani. Kuma ba shi da rabin albashinka. Shigo mu tafi."

Likita ya matsa kusa da Baba.

"Ba zan koma ba."