Muryar Ma'u a Tsohon Faifai

Ana kiran magariba aka kawo wuta, rabi-rabi kamar kullum. Lado ya durƙusa gaban tsohuwar kwamfutar da ya tono daga ɗakin shirgi, ya haɗa mata faifan ajiya. A cikinsa muryar matarsa Ma'u take, ita kaɗai ta rage masa tun rasuwarta. Faifan ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya. Lado ya ja tsaki. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufin gidan.

Luka mai gyaran kwamfuta a Magama ya riga ya gaya masa faifan wuta biyu yake ci, mai ƙarfin sha biyu da mai biyar, akwatin wutar kwamfutar kuwa ya gaji, sai an nemo wani. Amma Lado taurin kai gare shi. Kwana shida yana kunnawa, kwana shida ana jifa. Rana ta bakwai 'yarsa Zulfa ta faɗi a tsakar gida, ta tashi da muryar namiji.

Aka ɗauko Malam Kalilu daga Bugaje. Ya daɗe yana karatu a kan Zulfa, sannan ya tambayi aljanin da ke jikinta.

"Kai wane ne? Mi yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba," in ji muryar. "Ubanta na gaji da shi. Shekara tara ina kwance cikin faifan nan ina sauraren Ma'u. Duk kunnawar da ya yi da yunwar wuta, allurar faifan takan kankare maganarta. Na yi jifa, bai ji ba."

 Takaici ya kama Lado, ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi.

"Mi kake so ka fita?" in ji Malam.

"A ba faifan wutarsa cikakkiya. In ji ta sau ɗaya a fili, in ƙetare zuwa Nijar."

Washegari Luka ya zo da akwatin wuta na daban, ya gwada layukan biyu, ya haɗa. Faifan ya juya lafiya lau. Amma cikin maganganun Ma'u arba'in da aka naɗa, ɗaya kawai ta buɗe.

"Maigida, ka dai ji magana mana," in ji muryar Ma'u tana dariya, sai ta yanke.

Zulfa ta yi atishawa ta buɗe ido. Lado ya sake kunnawa, ya zauna a ƙasa.