Kunkurun Nurtas

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka a Petropavl, can arewacin Kazakistan, Moldir ta tashi daga kantin maganin da take aiki, ta tarar wata mota ta tare hanya. Tsohuwar Lada ce koriya shar, fentinta sai sheƙi yake, amma an sauke ta har cikinta na shafar titi. Motar ta hau tudun ƙanƙara ta zauna daram, tayoyin baya na ta juyawa a banza.

Mai motar dogon saurayi ne, ba hula, kunnuwansa sun yi jajir. Ya dubi Moldir kamar wanda ruwa ya ci.

"'Yar'uwa, don Allah kin iya tuƙi? Ki riƙe sitiyari ni in tura."

"Tun kafin a haife ni mahaifina ke jan bas," ta ce, ta miƙa masa jakarta.

Ta shiga, ta sa ribas, ta dawo gaba, ta lallaɓa totur kamar mai rarrashin jariri. Motar ta yi gurnani ta sauko. Da ta fito ta dube shi sama da ƙasa.

"Motarka ba ta san garin da take ba. Wannan ai kunkuru ne."

Ya yi dariya har ya manta da mai da mata jaka. Sunansa Nurtas. Walda yake yi a wata masana'anta, in ya tashi kuma sai gareji. Motar ta kakansa ce, da hannunsa ya kankare tsatsarta, ya fese ta, ya sa mata gajerun sifirin da suka sauke ta ƙasa, da rim masu walƙiya. Kafin su rabu suka yi musayar lamba. Da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"Direbata, Kunkuru ya isa gida lafiya. Ya ce in tambaya ko gobe kina da lokacin shan shayi."

Ta amsa: "Ka ce masa ya sa hula tukuna."

Haka soyayya ta kama. Ranakun hutu takan je garejin, ta zauna kan tsohuwar taya tana miƙa masa sifana, yana ba ta labari. Yana kiranta janim, wato raina, ita tana kiransa Mai Kunkuru. Ta ba shi labarin mahaifiyarta da ta rasu, da yadda duk shekara, ranar da ta cika, mahaifinta ke zuwa kabarinta a ƙauyen Karagash ko da sama za ta faɗo.

Abu ɗaya ne ke damun Moldir. Tunda sanyi ya kankama, Nurtas ya kulle motar, ba za ta sake taka titi ba sai bazara. Rabin shekara zai yi yana kallonta kawai. Wata rana yana hura yatsunsa da suka tsattsage ya ce:

"Kawuna Bolat ya kira ni. Yana da babban gareji a Shimkent, yana so in je mu yi aiki tare. Can, janim, fenti na bushewa a rana. Ba gishirin titi da zai cinye ƙarfe. Kunkuru zai yi yawo rani da damina."

Daga Petropavl a arewa zuwa Shimkent a kudu tafiya ce ta ƙarshen ƙasa zuwa ƙarshen ƙasa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya jira ni zuwa bikin Nauriz na ƙarshen sanyi. Ba zan tafi ba ke ba."

Moldir ta tuna da gida. Ita kaɗai ce ta rage wa mahaifinta.

Ranar da Nurtas ya zo gaishe da tsohon, Moldir ta soya baursak, fankensu na baƙi, ta jera zuma da busassun 'ya'yan itace. Mahaifinta Serikbai ya zauna a mazaunin maigida a bakin tebur, gashin bakinsa fari fat, yana ɗan tari lokaci zuwa lokaci. Ya amsa gaisuwa a taƙaice.

"Kai ne mai koriyar motar nan? Na taɓa hango ta ta taga."

"Ni ne, aga," Nurtas ya amsa da lakabin girmama manya.

"Mutumin da ya sauke mota haka a garin da ƙanƙara ke kai gwiwa, ba zama ya zo yi ba. Ina za ka kai min 'ya?"

Nurtas bai iya ƙarya ba. "Kawuna ya kira ni Shimkent, aga. Amma ban ba shi amsa ba. In kun ce..."

"Ni ba na sauraron bakin direba," Serikbai ya katse shi. "Motarsa nake kallo."

Moldir ta ɗauki buta za ta zuba shayi, sai mahaifinta ya karɓe daga hannunta. A ƙasar kowa ya san baƙon da ake so, kaɗan-kaɗan ake zuba masa a gindin kofi, don ya daɗe ana ƙarawa. Serikbai ya cika kofin Nurtas har baki, har yana neman zuba a kan tebur, alamar a sha a tafi.

Nurtas ya shanye, ya yi godiya, ya tashi.

Bayan fitarsa ta durƙusa kusa da mahaifinta. "Ake, Babana, mutumin kirki ne."

"Ban ce ba shi da kirki ba, botam, 'yar lelena. Amma mahaifiyarki na kwance a Karagash, ni kuma nan zan kwanta. In ya ɗauke ki, wa zai rufe min ido?"

Da yamma ta rubuta wa Nurtas: "Ba zan iya barinsa ba. Kuma ba na so in tsare ka a wurin da kake ganin kurkuku ne. Ka zaɓa, Mai Kunkuru."

Amsar ta daɗe kafin ta zo: "Ki ba ni lokaci, janim."

Lokacin ya yi ta tafiya. Ya daina kiranta gareji. In ta kira shi, sai ta ji ƙarar ƙarfe a bayansa, ya ce zai neme ta.

A wannan tsakanin ne Oljas ya fara yawan zuwa gidan. Ɗan aminin Serikbai ne, dillalin gidaje, yana da ƙatuwar jip baƙa da turare mai hawa kai. Serikbai na zuba masa shayi kaɗan-kaɗan. Shi ne ma ya yi alkawarin kai su Karagash ranar Juma'a, ranar da mahaifiyar Moldir ta cika.

Wata rana ya biyo ta kantin magani, ya jingina da kanta yana murmushi.

"Moldir, saurayinki mai motar wasan yara ya yi miki sallama kuwa?"

"Oljas, in magani za ka saya, faɗi."

Ya juya mata wayarsa. Tallan kaya ne: rim ɗin Kunkuru huɗu, da gajerun sifirin, da lambar Nurtas a ƙasa. An rubuta an sayar.

"Mai shirin tafiya ne ke rage kaya," Oljas ya ce. "Ni kam ina nan, ba inda zan je."

Da ta tashi aiki ta wuce garejin. A kulle yake. Ta leƙa ta tsagar ƙofa, ta hango motar a ɗage kan jak, ba taya ko ɗaya, an kwance mata ƙasa gaba ɗaya. Ta san yadda yake son rim ɗin nan. Ta ce a ranta, ya sayar ne ya haɗa kuɗin hanya. Hawayenta suka daskare a gashin ido kafin ta kai tashar bas.

Ta rubuta: "Na ga tallan. Da ka faɗa min da bakinka, da ya fi min sauƙi. Allah ya kiyaye hanya."

Ya amsa nan take: "Ba abin da kike zato ba ne. Ki yi min haƙuri zuwa Juma'a. Don Allah, Direbata."

Ta kife wayar.

Juma'a ta waye da iska. Dusar ƙanƙara na gudu a kan titi kamar hayaƙi. Da hantsi wayar Serikbai ta yi ƙara, Moldir na jin muryar Oljas daga inda take.

"Aga, yau fa hanya ba kyau. Mu bari sai wani mako, ai kabari ba ya gudu."

Serikbai ya ajiye wayar. Ya ɗauko babbar rigarsa ta fata, ya fara sa maɓalli.

"Ake, ina za ka?"

"Bakin hanya. Wani zai rage min."

"Da wannan tarin? Ake, don girman Allah!"

"Ban taɓa saɓa mata rana ba, botam."

Ta tare ƙofa, ya janye hannunta a hankali. Tana binsa a matakala tana roƙo, har suka fito waje iska ta mare su. A nan suka tsaya cak.

Koriyar mota ce a ƙofar gidan, amma da ƙyar Moldir ta gane ta. Ta yi tsayi kamar zalɓe. Baƙaƙen tayoyi masu ƙusoshi, rim na ƙarfe marasa kyau, shebur a ɗaure a sama. Duk kyan da aka yi shekaru ana ƙerawa ya tafi. Nurtas na tsaye a gefe, yau da hula, idanunsa sun faɗa.

"Salamu alaikum, aga. Na ji za ku Karagash."

Serikbai ya amsa sallamar. Ya zagaya motar. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya a ƙanƙara, ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe. Ya miƙe ya buɗe ƙofa, zafin sabuwar hita ya bugo shi. Sai ya shiga gaba ya zauna.

Moldir ta shiga baya, ba ta iya haɗa ido da Nurtas ba.

Suna barin gari duniya ta koma fari. Ba a rarrabe sama da ƙasa, sai sandunan gefen hanya da ke bayyana ɗaya bayan ɗaya. Iska na dukan motar, Serikbai na tari cikin hannunsa, Moldir na salati a zuci. Suna hango itatuwan maƙabarta motar ta nutse cikin tarin ƙanƙara ta tsaya.

Nurtas ya fita da shebur. Ya haƙa, ya haƙa, iska na mayar da rabin abin da ya kwashe. Ya buga gilashi.

"Direbata, sitiyari!"

Ta koma gaba. Ya tura, motar ta motsa ta koma. Ya sake turawa, ƙafarsa ta zame ya faɗi da fuska. Moldir ta san in suka daɗe a nan, man da ke ba hita wuta zai ƙare, kuma ba mai biyo hanyar yau. Sai ta ji ƙofa ta buɗe.

"Ake, kada ka fita!"

Ya riga ya fita. Ta madubi ta ga tsohon ya ɗaga Nurtas, ya sa kafaɗarsa kusa da tasa.

"Giya ta biyu, botam! A hankali! Yaro, sai na ce tura!"

Ta lallaɓa totur. Tayoyin suka kankari ƙasa, motar ta yi rawa, ta yi tsalle ta fita.

A bakin kabarin Serikbai ya karanta abin da ya sauwaƙa, suka shafa. Iska ta ɗan lafa. Bai juyo ba ya ce:

"'Yar kudu ce ita ma. Duk sanyi sai ta ba ni labarin furen itatuwan garinsu. Na san yadda mai son rana ke ji a nan. Nurtas, ba za ka yi da-na-sani ba?"

"Jiya na kira kawu na ba shi haƙuri, aga. Ba zan ce ban ji ciwo ba. Amma na auna, na ga rana ba Moldir ta fi min sanyi."

Moldir ta rufe fuska da mayafi. A hanyar dawowa ta tura masa saƙo, duk da yana gabanta yana tuƙi: "Ka yafe min, Mai Kunkuru." Sai da suka tsaya ya karanta, ya dube ta ta madubi ya yi murmushi.

Suka hau gida, ta ɗora shayi. Da ta ɗauki buta, mahaifinta ya sake miƙo hannu. Serikbai ya jawo kofin Nurtas, ya karkata butar, ya zuba ɗan kaɗan, abin da bai rufe gindin kofin ba sosai.

"Sha," ya ce. "Akwai magana da yawa. Yaushe mahaifiyarka za ta kawo 'yan kunne?"

Bayan Nauriz aka sa wa Moldir 'yan kunnen alkawari. A ranar Serikbai ya ba Nurtas mabuɗin garejinsa mai murhu, da wani buhu mai nauyi. Nurtas ya buɗe, ya ga gajerun sifirin ɗinsa. Tsohon ya bi sawu har ya sayo su daga wanda ya saya.

"Da sanyi a ɗaga, da rani a sauke," Serikbai ya ce. "Mota ma tana iya koyon zama da gari."

Aka ɗaura aure da ciyawa ta yi kore. Kunkuru ne ya zo ɗaukar amarya, cikinsa na shafar ƙasa kamar da. A ƙofar gidan akwai ɗan tudu, mutane suka fara dariya suna jiran ya maƙale. Sai ga Serikbai da rigar bikinsa, ɗauke da katako biyu. Ya shimfiɗa su, ya koma gefe yana yi wa angon alama da hannu har motar ta haye.

Sannan ya ɗaga tafukansa, kowa ya ɗaga.

"Allah ya ɗumama gidanku ko da waje na ƙanƙara. Ya daidaita muku hanya, inda ta yi tudu kuma ya ba ku mai turawa."

Jama'a suka ce amin. Moldir ta shafa, ta riƙe hannun mijinta, motar ta ja a hankali.