Rijiyar Gidan Alhaji Maje

Ƙasimu yana zaune a tsakar gidansu na Tarauni yana goge takalmi, Innarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "Wai kai da aka kai jami'a, me ya haɗa ka da leƙa masan mutane?"

"Inna, darasin tsaftar muhalli na ƙara a kan karatuna. Hutun nan firaktikal muke yi, shi ne aka haɗa ni da duba-gari."

"To, Allah ya sa kada su kai ka gidan surukai."

Ya yi dariya ya fita.

A shekarar nan amai da gudawa ta shigo gari, don haka Malam Inuwa, babban duba-garin da yake bi, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ranar kuwa unguwar Gyadi-Gyadi suka nufa. A gidan Iya Rabi mai ƙosai Ƙasimu ya ga tsutsa a randa, ya sa aka tuntsurar da ruwan a gaban masu saye. Tsohuwa tana ba shi haƙuri, shi kuwa yana yi mata lakca.

Suna fitowa sai ga su a ƙofar Alhaji Maje, mahaifin Safara'u, yarinyar da aka riga aka sa musu rana da ita. Malam Inuwa ya tsaya gaisawa da Alhaji a zaure, ya ce wa Ƙasimu, "Shiga ka duba mana."

Ya shiga kansa a ƙasa. Ya durƙusa ya gaida Hajiya Lami, uwar Safara'u, ta amsa daga bakin ɗaki. Gida fes, randuna a rufe. Sai da ya zagaya baya gabansa ya faɗi. An haƙa sabon masai dab da rijiyar da duk layin suke ɗiba. Ya jawo guga ya sansana, ya ji abin da ya ji. Da ya ɗago, Safara'u tana tsaye da tsintsiya tana kallonsa.

"Yaya ka gani?" in ji Malam Inuwa da ya fito.

"Ba matsala, Malam."

Kafin la'asar Hajiya ta baza wa maƙwabta cewa surukinta ɗan halak ne, ya san darajar manya. Amma da ya dawo zance, sai da Safara'u ta daɗe kafin ta fito zaure, idonta jajur.

"Na ga lokacin da ka sansana ruwan nan," ta ce. "Ni ma na daɗe ina jin warin, na faɗa aka ce rawar kai ce ta 'yan boko. Da na ga ka shigo sai na ce Allah ya kawo wanda za a ji maganarsa."

"Safara'u, gidanku ne fa. Da wane ido zan kalli Alhaji?"

"Da wane ido ka kalli Iya Rabi? Bayan tafiyarku nan ta zo ta sake cika randarta. Ni na ja mata gugan."

Ta share hawaye ta koma ciki. Ƙasimu ya tura kekensa har Tarauni bai iya hawa ba. Tuwon da Inna ta ajiye masa ko buɗe shi bai yi ba.

Da safe ya sami Malam Inuwa ya faɗa masa gaskiya. Malam bai yi faɗa ba, kallonsa kawai ya yi ya ce, "Ɗauko hularka. Kai za ka gaya musu da bakinka."

Haka Ƙasimu ya durƙusa a gaban Alhaji Maje, ga maƙwabta sun taru, ya ce rijiyar ba ta shawuwa, dole a rufe ta a kuma cike masan. Hajiya daga soro take jiyowa.

"Yaron da muka ba 'ya shi zai ce wa duniya ƙazanta muke shayar da mutane? Wallahi ba da 'yata ba!"

Alhaji bai ɗaga murya ba. "Ka yi aikinka," ya ce. "Amma kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan."

Aka rufe rijiya, mutanen layi suka koma tafiya famfon bakin titi, suna tafe suna tsine masa. Aka ɗage biki ba a ce sai yaushe ba. Ƙasimu ya koma makaranta, in hanya ta biyo da shi Gyadi-Gyadi sai ya zagaye. Sau ɗaya ya shiga, ya kai wa Iya Rabi sabon murfin randa ya roƙe ta gafara. Safara'u kuwa ta sha gori a gida, duk tulun da aka ɗauko daga famfo sai an ce aikin saurayinta ne. Duk da haka, duk wanda ya aiko neman zance sai ta ce ba ta da lafiya.

Bayan damina Alhaji ya kira masu haƙa su yashe rijiyar, don ya nuna wa unguwa ƙarya aka yi masa. Ba su yi nisa ba babbansu ya fito yana toshe hanci, ya ce Alhaji ya leƙa. Ta ɓangaren masan bangon ya yi baƙi, yana tsattsafowa. Alhaji ya daɗe a tsaye, jikokinsa suna wasa a bayansa. Hajiya ta leƙa ita ma, ta shige ɗaki ta ja labule.

Ran Juma'a Alhaji ya aiki ƙanensa Isyaku Tarauni ya ce a zo a sake sa rana. Da Ƙasimu ya zo gaisuwa, su duka biyu ƙasa suke kallo.

"Baba, ku yafe mini."

"Na farkon za ka nemi gafara a kai," in ji Alhaji, "ranar da ka ji kunyata ka bar mu muna sha."

Aka ɗaura aure bayan Ƙasimu ya gama jarrabawa. Kunyar surukai ado ce, amma in ta hana mutum faɗar abin da zai tsare ran jama'a, ta zama cuta. Wanda ya daure ya faɗi gaskiya, ya kuma yi haƙuri da abin da ya biyo baya, Allah ba ya barin sa ya taɓe.