Kamun Hajja

Ranar da Wasila ta shigo biro, wato ofishin da Mahamud ke zanen gine-gine, idanunta jawur suke. Ruwan damina ya rushe ɗakin marigayiya Hajja, mahaifiyarta, a cikin Birni. Mahaifinta Malam Ari, tsohon magini da ya makance, ya daina cin abinci, so yake a mayar masa da ɗakin yadda yake.

"Tsawonsa kamu tara, faɗi kamu shida," ta ce a hankali.

Mahamud ya danna tara, ya danna shida, amma idonsa na kanta. Manhajar zanen kuwa ba ta san kamu ba, sai ta liƙa wa kowace lamba ƙaramin "m" na metir. Bawan Allah ko lura bai yi ba.

Kafin filan ginin ya fito, soyayya ta riga ta kama su. Ranar kafa turaku igiya ta ratsa har garkar maƙwabta. Malam Ari ya bi ta da lalube, ya tsaya cak.

"Wannan ne mai son 'yata? Ɗaki na ce, ba filin idi ba."

Cikin kunya Mahamud ya gyara, ya ba kowane kamu rabin metir. Tsohon ya sake bin igiya, ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Kada ya ƙara taka gidan nan."

Ga Fahad, ɗan ƙanen Malam Ari, ya fara zarya da zancen aure da alkawarin ginin siminti. Mahamud ya rame, Wasila ta rame, tsohon ya fi su ramewa.

"Wasina, sau goma na duba lissafin. Me na rasa?" Mahamud ya rubuta mata.

Sai bayan kwana uku amsa ta zo: "Injiniyana, yau Gwaggo Jummai ta gaya mini. Ba hannun Baba ya auna ɗakin ba. Umma ce ta auna da nata tana amarya, tana dariya. Gwaggo ta ce hannuna sak nata. Na auna daga gwiwar hannu zuwa yatsa, santimetir 41. Kuka nake."

Mahamud ya buɗe wajen saita ma'auni, ya sa manhajar ta riƙa ƙirga kowane kamu santimetir arba'in da ɗaya. Ya goge "m", ya rubuta "kH".

Gwaggo Jummai ce ta roƙa masa izinin zuwa sau ɗaya tak. Aka ja igiya, Wasila ta karanta filan.

"Tara kH, shida kH."

"Mene ne kuma kH?"

"Kamun Hajja, Baba," in ji Mahamud.

Tsohon ya kama igiya, ya yi taku huɗu, ya sunkuyar da kai daidai inda ƙofa take a da, alhali babu komai a wurin sai iska.

"Hajja, na shigo," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

Mako biyu da gama yaɓe aka ɗaura auren Mahamud da Wasila. Kwana goma sha ɗaya Malam Ari ya yi a ɗakin, yana cin tuwonsa, sannan ya bi matarsa. Ana gobe zai rasu ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku tsawon zaman da ni da ita ba mu samu ba."